Ciwon da Zama Ke Tayarwa: Lacca kan Jijiyar Ƙasan Ƙugu

Assalamu alaikum. Iyayena mata, 'yan uwana maza, yau za mu taɓo ciwon da mutane ke jin nauyin faɗa, wanda ke kama tsakanin al'aura da dubura ya yi wata da watanni, wani ma shekaru.

Akwai jijiyar da likitoci ke kira fudendal, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Daga can ƙasan gadon baya take fitowa, ta bi tsakanin wasu igiyoyin nama biyu masu tauri, ta ratsa siririyar hanya a gefen ƙashin da muke zama a kai, sannan ta rabu: reshe zuwa dubura, reshe zuwa tsakiya, reshe zuwa al'aura. In ta matsu ko ta jawu, sai ta dinga kai saƙon zafi, alhali ido ba ya ganin rauni.

Za ka ji mara lafiya ya ce wurin na ƙuna kamar an zuba barkono. Da safe da sauƙi, yamma na yi abin ya tsananta. A kujerar asibiti za ka gan shi ya karkata a kan ɗuwawu ɗaya, ko ya ce gara ya tsaya. Likitoci a birnin Nant na Faransa sun tsara alamomin gane shi, aka wallafa a 2008. Cikinsu akwai cewa zama na ƙara shi, ba ya tayar da mutum daga barci, wurin bai mutu ba (wato ana jin taɓawa), kuma in aka yi wa jijiyar allurar kashe zafi sai ya lafa.

Me ke kawo shi? Doguwar naƙuda, yawan yunƙuri saboda taurin bayan gida, faɗuwa a kan ɗuwawu, tiyata a wurin, da dogon zama a kan sirdi mai tauri. Ku tuna ɗan acaɓa da tela.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mace ta ce ƙasanta na zafi, nan take a ce sanyi ne. Namiji kuwa a ce basir. Ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye bayan zagaye, ta yi matsi, ta sha jiƙe-jiƙe, gwaji kuma kullum ba a ga komai ba. Daga ƙarshe a fara cewa raki ne. Wallahi ba raki ba ne. Maganin ƙwayoyin cuta ba ya taɓa jijiya, ko nawa aka sha.

Kulawar kan fara ne da rage matsin: matashi mai rami a tsakiya, yawan miƙewa, ruwa da ganye don bayan gida ya yi laushi. Sai a je gashin jiki wajen ƙwararre don sassauta naman ƙugu. Akwai magungunan ciwon jijiya irin su amitriptilin da gabafentin, likita ne zai rubuta, kuma sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu. Don Allah kar a koma wa tiramadol. In duk wannan bai yi ba, akwai allura, akwai tiyatar kwance jijiyar.

Amma in wurin ya mutu, ko fitsari da bayan gida na kuɓucewa, ko ana ganin jini, ko ciwon na tayar da mutum cikin dare yana rama, a tafi asibiti a ranar, kar a jira gobe.