Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Filaye Yayin Ziyararsa Ɗakin Taswira A Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, a madadin safiyoyi, masu zanen taswira da masu kula da fayil na wannan ɗaki, ina yi maka barka da zuwa, kai da 'yan tawagarka. Sannunku da hanya, sannunku kuma da sanyin Jos. Iyayenmu masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku.

Yallaɓai, mun ji jiharka na shirin mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, yadda Abuja ta yi da ta kafa AGIS, hukumarta ta adana bayanan filaye, a 2003. Amfanin a fili yake: ka taɓa fuloti a kan allo, sunan mai shi ya fito, da girmansa, da lambar fayil, da kuɗin ƙasa da ake binsa, har da ko yana jingine a banki. Sayen na'urori shi ne mai sauƙi. Wuyar tana wajen tsarawa.

Kowane fuloti lamba ɗaya muke ba shi, ba a sake ba wani. Idan magidanci ya rasu a Gangare aka raba gidansa gado, ba ma goge tsohuwar lamba. Rufe ta muke yi, kason kowane magaji ya samu sabuwa mai nuna daga inda ya fito. Ma'aikacin da ya taɓa wani bayani kuwa, sunansa da lokacin suna nan a rubuce. A ganina wannan ya fi kowane kwaɗo tsare fayil, domin shi ke toshe ƙofar ba mutum biyu fili ɗaya.

Sai maganar awo, wadda ta fi cin lokacinmu. Tsofaffin taswirori an ɗaure su ne da ma'aunin Minna, wato tsohon tsarin awon ƙasa na Najeriya, na'urar GPS kuma da ma'aunin duniya na WGS 84 take aiki. In ba a daidaita su ba, fili yakan goce da gomman mitoci, sai ka ga ɗakin mutum a kan allo ya faɗa tsakar gidan maƙwabci ko tsakiyar titi. Hoton tauraron ɗan Adam yana taimakawa, Cibiyar Nazarin Hotunan Tauraron Ɗan Adam ta Ƙasa ma a nan Jos take, amma dole safiyo ya taka ya ga dutsen iyaka da idonsa. A wajen Bukuru har kududdufan da haƙar kuza ta bari muke sawa a taswira, kada a yanka wa wani fuloti a bakin rami.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar shaidar mallaka. To amma gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni takardar ciniki kawai gare su, da sa hannun mai unguwa da shaidu. Shawararmu, ranka ya daɗe, a buɗe wa irin waɗannan takardu gurbi tun farko, a kuma ware kuɗin fita awo a kasafi. Abin da ya sa muka gayyato masu unguwanni ke nan; su suka san wa ya sayar wa wa.

Yanzu za mu zaga da kai, mu fara da teburin da ake ɗaukar hoton tsofaffin fayiloli. Bismillah, yallaɓai. Allah ya mayar da ku gida lafiya.