Hukumar da ke riƙe da lasin likita a Texas

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Houston nake magana, ku yi haƙuri da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, zafin garin nan ba ya bari a kashe ta.

Wani ƙanina da ya gama karatun likitanci a gida ya tambaye ni ko da rajistarsa ta MDCN, wato hukumar likitocin Najeriya, zai iya zuwa nan ya fara duba marasa lafiya. Ƙanina, ba haka abin yake ba. A Najeriya hukuma ɗaya ce ke kula da likitocin ƙasa baki ɗaya. A Amurka kuwa kowace jiha da tata, gwamnatin tarayya ba ta ba da lasin aikin likita. Tun 1889 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa jihohi wannan iko, a wata shari'a da ta taso daga West Virginia. Mai lasin Texas in ya koma Oklahoma, sai ya nemi na can.

Tamu ta nan sunanta Texas Medical Board, ofishinta yana Austin. Mutum 19 ne, gwamna ke naɗa su na shekara shida, majalisar dattawan jiha ta amince. Goma sha biyu likitoci ne, bakwai kuma mutanen gari ne da ba su taɓa riƙe allura ba. Bakwai ɗin nan sun burge ni, don in aka bar 'yan sana'a ɗaya su kaɗai, rufa wa juna asiri ba ya wuya.

Hanyar da aka saba ga wanda ya yi karatu a waje ita ce ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ta tantance takardunka, ka ci USMLE, wato jarrabawar neman lasin likita ta Amurka mai matakai uku, ka sake horo a asibitin koyarwa na nan ko da ka yi shekaru kana aiki a gida, sannan ka zauna jarrabawar dokokin aikin likita na Texas. Wasu jihohi sun fara sassautawa, kamar Tennessee a 2023. Bayan an ba ka lasin ma, duk shekara biyu sai ka sabunta, da shaidar awa 48 na ƙarin ilimi.

To, ga inda ya shafi mu marasa lafiya. Mutanenmu in likita ya cuce su sai su ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda zai kwanta a gadon nan bayanka fa? Hukumar tana karɓar ƙorafi daga kowa, ta nemi fayil ɗin mara lafiya, ta ba wasu likitoci masu irin ƙwarewar su duba. Tana iya cin tara, ko ta tura likita ƙarin karatu, ko ta hana shi rubuta wasu magunguna, ko ta ƙwace lasin ɗungurungum. In ta ga barin sa yana aiki haɗari ne, mutum uku daga cikinta suna iya dakatar da shi nan take. Tun 2011 ba ta karɓar ƙorafin da ba suna, sai dai ba ta ba likitan sunanka, ko da yake yana iya ganewa daga fayil ɗin da aka nema. Kuma kada ku je da tunanin diyya, wannan aikin kotu ne da lauya.

Ba zan ce muku tana da sauri ba. Christopher Duntsch, likitan tiyatar ƙashin baya a yankin Dallas, ya nakasa mutane fiye da 30, biyu suka rasu, yana tashi daga wannan asibiti zuwa wancan. Abokan aikinsa ne suka yi ta kai kuka kafin a dakatar da shi a watan Yunin 2013. A 2017 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai. A ganina laifin har da asibitocin da suka bar shi ya tafi salin alin ba su kai rahoto da wuri ba.

Kafin ku yarda a yi muku tiyata, ku shiga shafin hukumar na intanet ku rubuta sunan likitan. Kyauta ne. Za ku ga makarantar da ya yi, shekarar da aka ba shi lasin, da duk hukuncin da aka taɓa yi masa. Na Maryland da na New York ku nemi hukumar jiharku. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku huta lafiya.