Daga Madina Zuwa Aburi: Inda Gumi Ke Tsayawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ga ni a tashar Madina, nan birnin Akra. Ƙarfe 7 bai cika ba, amma ku dubi wuyan rigata, ya jiƙe sharkaf. Yau Aburi muka nufa ni da Baba, maigidana na unguwar Nima, wanda nake tsaron shagon yadinsa tun zuwana ƙasar nan ta Gana. Jiya ya ce mini, "Ɗana, kullum ka ishe mu da labarin sanyin Jos, gobe zan kai ka namu Jos ɗin." Ga trotro, wato motar haya, ta cika, bismillah.

Mun wuce Adenta, mun bar Ayi Mensah, hanya ta fara nannaɗe dutse. Bari in juya muku kyamara ta taga. Wancan shimfiɗaɗɗen filin da ke ƙasa, can muka fito: ciyawa ce da darbejiya jefi-jefi, sai rufin kwano. Ga teku a bakin ƙofa, amma ruwan saman da Akra ke samu a shekara ba ya kai milimita 1,000. Yanzu ku dubi gabanmu. Kore shar, itatuwa sun haɗe kai, kunnena ma ya ɗan toshe.

To ga mu a lambun Aburi, wanda aka buɗe a 1890. Tsayin wurin nan bai wuce mita 400 da 'yan kai ba daga bakin teku, amma wallahi gumin ya tsaya cak. Dalilin shi ne, iska in ta hau sama nauyin da ke danne ta raguwa yake, sai ta buɗe ta huce. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kimanin maki 6 da rabi a ma'aunin Selsiyos. Ke nan tsakaninmu da Madina maki 3 ne ma da ƙyar. Jos tana wajen mita 1,200, shi ya sa muke noman dankalin Turawa, Mambila kuma ta kai 1,600, har ganyen shayi ake nomawa. Na faɗa wa Baba haka, ya ce, "Naku ya fi tsayi, amma naku yana da wannan?" Ya nuna mini rimi. Na yi shiru.

Ku tsaya ku ga rimin nan da kyau. Mutum goma ba za su kewaye gindinsa ba, saiwoyinsa sun tashi kamar katangar gida. Abin da ya fi ɗaukar hankalina yana sama: ku ga tsirran da ke zaune a kan rassansa, ba su taɓa ƙasa ba, kuma ba jinin bishiyar suke sha ba. Laimar iska da raɓa da ruɓaɓɓen ganye, shi ke nan abincinsu. Iskar teku ce ke tasowa da tururi, ta ci karo da tudun Akuapem da Aburi ke kansa, dole ta hau, ta huce, tururin ya zama gajimare da hazo. Na taɓa bawon wata bishiya yanzu, gansakuka ce lulluɓe da shi, da danshi kamar an yayyafa ruwa. A Nima irin wannan tsiro ba zai yi sati ba.

Mutane ma tudun ya ja su. Turawan mishan na Basel da suka sauka bakin teku, zazzaɓi ya yi ta kwashe su, sai a 1835 ɗaya daga cikinsu, Andreas Riis, ya hau ya zauna a Akropong, gaba kaɗan da nan. A Mampong kuma, kan wannan tudun dai, wani ɗan ƙasar nan mai suna Tetteh Quarshie ya shuka kokon da ya kawo daga tsibirin Fernando Po a 1879. Kar wani ya ce na ce babu sauro a Aburi, akwai shi. Sai an yi sama sosai, inda sanyi ke hana ƙwayar zazzaɓin cizon sauro girma a cikin sauron, cutar ke ja da baya.

Amma abin da ya sa na ɗauko kyamara yau yana arewa maso yamma da nan, kusa da garin Kibi. Dajin Atewa ke nan, tuddansa sun haura mita 700, dajin kan tudu irin wanda ya yi ƙaranci a Gana. Ƙasar wurin kamar soso take, ta sha ruwan sama ta riƙa sakinsa a hankali. Koguna uku suka ɓuɓɓugo daga can: Densu da Birim da Ayensu. Densu shi ke cika madatsar Weija, wadda yammacin Akra ke shan ruwanta. Na tambayi Baba ko ya san da haka. Ya ce, "Shekara arba'in ina alwala a garin nan, ban taɓa tambayar daga ina ruwan ya taso ba."

A ƙoramun Atewa akwai wani kwaɗo da masana suka tabbatar sabon jinsi ne a 2021, kuma ba a san shi a wani wuri ba sai can. Ruwa mai sanyi, mai gudu, a cikin inuwa, shi ne rayuwarsa. Dabbar da ke gangare in zafi ya ƙaru sai ta matsa sama. Wanda ya riga ya kai ƙololuwa fa, ina zai matsa? Ga shi ƙarƙashin dajin akwai ma'adinin da ake yin alminiyam, an sha yin maganar haƙo shi, 'yan galamse masu neman zinari kuma sun riga sun mai da Birim kamar kunu. Na san mutane na neman aiki, ni ma neman abinci ya rabo ni da gida. Amma haƙar ma'adinin nan sai an kwashe daji da ƙasar saman duka, kuma ni ban yarda kuɗin da za a samu ya kai darajar koguna uku ba.

Ga hazo ya fara saukowa kan layin dogayen itatuwan bakin ƙofa, ko kuna iya gani? Baba ya jawo rawaninsa ya rufe kunnuwa, yana ce mini, "Ɗana, kashe abin nan mu nemi wurin alwala, azahar ta gabato." To Baba, ga ni nan zuwa.