Mesa Mai Dunƙulewa: Yadda Ake Kiwonta a Gida

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan da kuke gani ta dunƙule ta cusa kai a tsakiyar jikinta mesa ce, kuma ba jaririya ba ce, kusan iyakar girmanta ke nan. Masana suna kiranta Python regius. Tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, ba ta da dafi, in ta tsorata ta fi son ta dunƙule da ta kai sara. Wannan haƙurin ne ya sa take cikin macizan da aka fi kiwo a gidajen Amurka da Turai. Asalinta kuma 'yar yankinmu ce: daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da mafi yawan waɗanda ke barin Afirka, kuma cinikinsu yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, sai da takardar izini.

To, me take buƙata? Ku duba inda take zama a daji: ramin ɓera ko cikin suri. Wuri ne mai duhu, mai ɗumi, mai danshi, kuma a matse. Duk aikin mai kiwo shi ne ya kwaikwayi wannan ramin.

Babba tana son akwati mai tsawon kamar santimita 120, da murfi mai makulli, domin maciji gwanin neman kafa ne. Jikinta ba ya samar da ɗumin kansa, saboda haka a raba akwatin gida biyu: gefe ɗaya ya kai digiri 31 zuwa 32, ɗayan ya tsaya wajen 26. Ita za ta zaɓi inda take so. Kowane gefe a sa masa maɓoya, don kada ta zauna cikin sanyi saboda tsoron fitowa fili. A ƙasashen sanyi da na'urar ɗumama wuri ake fama, kuma dole a haɗa ta da abin da ke kashe ta in zafi ya yi yawa, in ba haka ba cikin mesar ya ƙone tana kwance ba ta motsa ba. A Kano ko Sakkwato kuwa, matsalar bazara ce: ɗakin kwano da rana tsaka zai iya halaka ta.

Danshi shi ne inda aka fi kuskure. Ana son ya kai kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari, ya ɗan haura lokacin saɓa. In kuka ga idonta ya yi hazo, fatarta ta dushe, saɓa ce ke tafe. Lafiyayya takan tuɓe ta gaba ɗaya. In ta fito guntu-guntu, ko ta maƙale a ido da bakin wutsiya, wurin ya bushe ke nan, kuma da hunturu sai an dage da yayyafi da kwanon ruwa mai faɗi.

Abincinta ɓera ne, sukutum. Ƙarama tana ci bayan kwana 5 zuwa 7, babba kuwa kamar duk mako biyu, kuma kaurin ɓeran kada ya wuce inda jikinta ya fi kauri. Ba ɓeran kwata ko na rumbu ba, wataƙila ya ci guba. Masu kiwo sun fi ba da matacce da aka daskarar sannan aka narkar, don mai rai yana cizo, yakan ma yi mata rauni. Bayan ta ci, a bar ta kwana biyu ba ɗauka, kada ta amayar. Wani lokacin takan ƙi ci har na watanni. Muddin ba ta rame ba, ba lallai ciwo ba ne. Amma in tana buɗe baki tana numfashi da ƙara, ko majina a baki, sai likitan dabbobi.

A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta. Macizai suna ɗauke da salmonela, ƙwayar cuta mai sa gudawa da zazzaɓi, shi ya sa ake hana yara 'yan ƙasa da shekara 5 wasa da su.

Kada kuma wani ya ga wannan bidiyo ya tafi daji kamu. Ga wanda bai iya ba, zanen jikin kasa yana iya ruɗarsa, ita kuwa dafinta na kisa ne. Ɗan muduwa, wato babbar mesar daji, shi ma ƙarami yake farawa, ya zo ya haura mita 4. A nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, a tambayi me take ci da ranar da ta ci na ƙarshe. A kuma yi lissafi tun kafin a biya kuɗi: tana yin shekara 20 zuwa 30 a raye, kuma duk tsawon lokacin nan sai an nemo mata ɓera.