Ron Carter: Mai Riƙe da Kiɗa Daga Baya

Ku bar mai busa ƙaho tukuna, ku dubi bayan dandali. Dogon mutumin nan da ya rungumi ƙaton kayan kiɗa na katako shi ne Ron Carter, abin da ke hannunsa kuma ana kiran sa bas. Tsirkiya huɗu gare shi, tsayinsa ya kai na mutum. Dangin goge ne, ana iya goga shi, amma a jaz, kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, da yatsu aka fi fizgar tsirkiyar, sautin ya fito da kauri har ka ji shi a ƙirji.

An haifi Carter a 1937 a garin Ferndale, jihar Michigan ta Amurka. Yana ɗan shekara 10 ya fara koyon celo, wanda bai kai bas girma ba, da burin shiga manyan ƙungiyoyin kiɗan gargajiyar Turai. Yana sakandare a Detroit ya koma bas, ya kuma kammala makarantar kiɗa ta Eastman a 1959. Iyawa dai ya iya. Amma a zamanin, irin waɗannan ƙungiyoyi ba su cika ɗaukar baƙar fata ba. Shi da bakinsa ya faɗi yadda shahararren jagoran makaɗa Leopold Stokowski ya yaba masa, sannan ya ce masu iko da ƙungiyarsa a Houston ba za su karɓi baƙar fata ba. Sai Carter ya nufi New York, wurin masu jaz.

A 1963 shahararren mai busa ƙaho Miles Davis ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa, tare da Herbie Hancock mai fiyano da Tony Williams mai ganga, yaro ɗan shekara 17. Bayan shekara guda Wayne Shorter, shi ma mai busa, ya shigo. To, mene ne aikin Carter a cikinsu? Mai bas yakan fitar da sauti ɗaya a kowane bugu, kuma nasa ne mafi kauri. Kunne yana auna duk abin da sauran suka kaɗa ne a kan wannan sautin na ƙasa. Saboda haka in Carter ya kauce wa sautin da kowa ke jira ya zaɓi wani, fiyano bai canza komai ba amma ɗanɗanon kiɗan ya sauya, mai busa kuma dole ya nemi sabuwar hanya nan take, a gaban jama'a. A ganina, nan girmansa yake: yana juya akalar mutum huɗu ba tare da ya fito gaba ba.

Ya bar ƙungiyar a 1968, lokacin da Miles ya karkata ga kayan kiɗa masu lantarki. Carter ya taɓa bas na lantarki, amma ya koma ga na katako.

Daga nan kowa ya riƙa nemansa. A 1991 matasan hip-hop na A Tribe Called Quest suka gayyace shi, ya amince bisa sharaɗin kada a yi ashar a waƙar da zai kaɗa. Ya shekara kusan 20 yana koyarwa a City College ta New York, daga baya ya koyar a makarantar kiɗa ta Juilliard. A 2015 kundin bajinta na duniya na Guinness ya ƙidaya fayafayan da ya yi kiɗa a cikinsu, suka kai 2,221, adadin da babu mai bas na jaz da ya kai.