Sharhi: Wasan bidiyo ga sojan da ke bakin daga, agaji ne ko almubazzaranci?

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

A Amurka akwai ƙungiyoyin agaji da ke tara kuɗi daga hannun jama'a, su sayi na'urorin wasan bidiyo irin su PlayStation da Xbox, su cika akwati su aika wa sojojin ƙasar da aka tura aiki ƙasashen waje. Biyu daga cikinsu, Operation Supply Drop da Stack Up, duk mutum guda ne ya kafa su, wato Stephen Machuga, tsohon kyaftin da ya yi yaƙin Iraƙi. Ta farkon a 2010, ta biyun a 2015. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa suna Iraƙi aka aiko musu da akwatin kyauta, suka buɗe suka tarar da tsofaffin littattafan soyayya. Masu aikowa sun yi da zuciya ɗaya, amma ba su tambayi sojan abin da yake so ba.

Masu suka na cewa ɓarnar dukiya ce, ga marayu da majinyata. Ni kuwa ina ganin aikin yana da amfani, kuma zan faɗi dalili.

Mu da muke jin labarin yaƙi a rediyo, ƙarar bindiga kawai muke kawowa a rai. Alhali mafi yawan kwanakin soja jira ne. Ya gama gadi, ya share bindiga, ya ci abinci, sannan ya zauna a tanti da tunanin gida da na abokin da aka binne. A 2007 sai da Amurka ta tsawaita zaman sojojinta na ƙasa a Iraƙi da Afganistan zuwa wata 15. Mutanen Agadas ma sun ga irin wannan zama, a sansanin da sojojin Amurka suka riƙe a gefen garin har suka tashi a 2024: waya ta kewaye, rairayi ta ko'ina, rana kuma na dukan kwano. Saurayi ɗan shekara 20 a irin wannan wuri, idan bai sami abin da zai ɗauke masa hankali ba, tunani ne zai cinye shi.

Kuma yana cinyewa. Wani bincike da Jami'ar Brown ta fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa sojoji da tsofaffin sojojin Amurka 30,177 da suka yi aiki a yaƙe-yaƙen bayan harin 11 ga Satumba na 2001 sun kashe kansu, yayin da waɗanda suka mutu a fagen daga 7,057 ne. Ninki huɗu ke nan da ɗoriya.

Ba zan ce na'urar wasa magani ba ce. Gaskiya ne a wani binciken da aka wallafa a 2017, masana a Oksfod ta Birtaniya sun gwada mutum 71 da aka kawo asibiti bayan haɗarin mota, suka sa wasunsu buga Tetris, wasan bidiyo na jera tubala, na minti 20 cikin awa shida da aukuwar abin, aka ga hotunan haɗarin sun rage faɗo musu a rai a makon da ya biyo. To amma waɗannan fararen hula ne, kuma a makon farko kawai aka ga amfanin. Amfanin da na fi yarda da shi ya fi wannan sauƙi: wasan yana tara mutane. Kamar dai yadda dara ke haɗa majalisa a gindin bishiya, haka mutum huɗu ko biyar ke zagaye talabijin guda, ana musu ana dariya. A nan ake gane wanda ya daina magana, wanda ya daina fitowa, wanda barci ya ƙaurace wa. Stack Up ma ta fahimci haka, shi ya sa ta buɗe wani zaure a manhajar Discord inda masu horo ke sauraron sojan da ke cikin damuwa dare da rana.

Na san akwai mai saurarona da ke cewa, ina ruwanmu da walwalar sojan da ya mamaye Iraƙi? Tambaya ce mai nauyi, kuma jinin da aka zubar a can ba a wanke shi da akwatin kyauta. Sai dai sojan da hankalinsa ya gushe yana riƙe da bindiga, farar hular da ke kusa da shi ne farkon shiga haɗari. A watan Maris na 2012 wani saje mai suna Robert Bales, a turawarsa ta huɗu zuwa yaƙi, ya fita cikin dare ya kashe ƙauyawa 16 a lardin Kandahar, tara daga cikinsu yara. Wasa ba zai hana irin wannan ta'asa ba, amma lafiyar ƙwaƙwalwar soja ba shi kaɗai ta shafa ba.

Inda nake tare da masu suka shi ne batun gwamnati. Ƙasar da ke ware wa ma'aikatar tsaronta sama da dala biliyan 800 a shekara, abin kunya ne a ce sai talakawa sun yi karo-karo kafin sojanta ya sami abin debe kewa. Sannan rundunar sojan Amurka da kanta ta taɓa ƙera wasa mai suna America's Army a 2002 don jawo samari shiga soja, kuma kamfanonin da ke ba da kyautar na'urori talla suke yi wa hajarsu. Don haka mai niyyar bayarwa ya binciki ƙungiyar tukuna: nawa ne ke isa ga soja cikin kowace dala, kuma bayan akwatin, akwai wanda zai ɗaga waya idan sojan ya kira da ƙarfe biyun dare?