Darasi: Yadda Yaro Zai Koyi Sa Kaya, Ɓalla Maɓalli da Jan Zif da Kansa

Assalamu alaikum iyaye da masu reno, barkanmu da warhaka. Ga riga mai maɓalli a gabana, ga wando, ga kuma riga mai zif, da su za mu yi aiki yau.

Mu fara da lokaci, don a nan ake yawan matsa wa yaro. Tuɓewa ta fi sawa sauƙi, ita yake fara iyawa. Wajen shekara 1 zai riƙa miƙo hannu in ana sa masa riga, yana fizge safa. A shekara 2 yakan sauke wando mai roba. Manyan maɓallai sai wajen shekara 3, haɗa ƙasan zif 4 zuwa 5, ɗaurin igiyar takalmi kuwa sau da yawa sai ya kai 6 ko 7. Yara sun bambanta, tazarar 'yan watanni ba abin tayar da hankali ba ce.

Ga abin da ya fi komai a darasin nan: daga ƙarshe ake farawa. Ku yi masa aikin duka, ku bar masa matakin ƙarshe kawai. A wando, ku zaunar da shi, ku zura masa ƙafafu, ku jawo har cinya, shi ya miƙe ya ƙarasa zuwa ƙugu. In ya iya wannan, ku tsaya a gwiwa. Daga nan a idon sawu. A haka kullum shi ke kammalawa, yana tashi da jin cewa ya iya. In kuwa aka sa shi ya fara, ya kakare, aka karɓe, abin da zai riƙe shi ne ya kasa. Kuma a zaune ake sa wando, don yaro ɗan shekara 2 ko 3 ba ya iya tsayuwa da ƙafa ɗaya har ya gama zura ɗayar.

Wurin zamanku ma yana da muhimmanci. Ku zauna a bayansa, hannuwanku su zagayo gabansa. In kuna fuskantar juna, damanku hagunsa ne, sai ya ga komai a juye.

To, maɓalli. A nan za mu daɗe kaɗan. Ku samo babba mai faɗi, kamar santimita 2 da rabi, launinsa daban da na rigar. Ramin ya zama sakakke, kada ku fara da sabuwar riga mai matsattsen rami. In kuna ɗinka maɓallin da kanku, ku sa tsinken ashana a ƙarƙashinsa, ku zare bayan kun gama, sai ya sami ɗan wuya da yatsa zai kama.

A kan tebur ake fara gwaji, ba a jiki ba. Ku shimfiɗa rigar wuyanta na wajen yaron, don haka zai gan ta in ya sunkuya tana jikinsa. Ku duba hannuna. Babban yatsa da manuniya sun kama bakin maɓallin. Ɗaya hannun ya buɗa ramin. Na tura, rabinsa ya leƙo. Ban saki ba tukuna, sai da yatsun ɗaya hannun suka cafke shi, sannan na ja. Kalma uku kawai za ku riƙa maimaita masa: kama, tura, ja. Da farko ku tura masa rabi, shi ya ja.

Me ke hana shi shiga? Yawanci yaro yana danna maɓallin da fuskarsa, alhali da gefensa yake shiga. Ko ya saki kafin ɗaya hannun ya karɓa, sai ya koma. Wani kuma rigar yake ja ba maɓallin ba, har zaren ya tsinke. In rigar ta koma jiki, ya fara daga na ƙasa. Shi yake gani sosai, kuma in gefen ƙasa biyu sun daidaita, sauran ba za su goce ba. Na wuya yana ƙarƙashin haɓa, ba ya ganinsa, ku ɓalla masa shi har sai hannunsa ya faɗa.

Zif aikin hannu biyu ne, ɗaya yana riƙe ƙasa, ɗaya yana ja. Yaron da ya ja ba tare da ya riƙe ba, rigar ce za ta bi hannunsa sama. Haɗa ƙasan shi ne mai wuya, don haka shi zai zo a ƙarshe. Kan zif ɗin ya sauka har ƙasa, ɗan tsinken ɗaya ɓangaren ya shige gabaɗaya. In bai kai ba, haƙoran za su rabe a baya. Ku ɗaura zoben makulli ko ɗan ƙyalle a marikin don ya kamu da kyau, in yana cijewa ku goga kyandir a haƙoran. Yaro namiji kuwa, don Allah kada ya ja zif ɗin wando ba kamfai a jikinsa, yana kama fata kuma ciwon ba ƙarami ba ne.

Riga mai zurawa ta ka, ku kife ta a kan gado, ya ɗaga ta daga ƙasa, kai ya fara shiga sannan hannuwa. Wadda ta ɗan yi masa yawa ta fi. Takalmi, ku raba hoto ɗaya gida biyu, ku manna rabi a cikin kowace ƙafa, in hoton ya haɗu to daidai ne. Yaron da hannunsa ɗaya ba shi da ƙarfi, wannan hannun ake fara zurawa, shi ake cirewa a ƙarshe.

Ku riƙa duba maɓallan da suka yi laƙo-laƙo, yaro ƙasa da shekara 3 yana kai su baki, suna iya shaƙe shi. Igiya a wuyan riga kuma ku zare ta.

Safiyar da ake sauri ba lokacin koyo ba ne. Ku zaɓi bayan wanka ko ranar hutu, minti 5 ya isa. In ya kakare, ku ƙirga 10 a zuci kafin ku sa hannu, kuma ku taimaka a inda ya tsaya kawai. Wajen yabo ku faɗi abin da ya yi, kamar "ka riƙe ƙasan zif ɗin da kyau". In kun ga ya daina iya abin da ya saba yi, ko kullum yana ƙin amfani da hannu ɗaya, ko ya kai shekara 5 riga mai sauƙi ma tana gagararsa, ku kai shi likitan yara ya duba shi.